TARIHIN MARIGAYI ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA, 1877–1955

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da yake mafi yawan waɗanda suka sa hannu cikin aikin da aka taru dominsa 'yan kasuwa ne, manya da ƙanana, an ga ya kyautu a saka tarihin ɗaya daga cikin magabatansu a wannan ɗan littafi. Wanda aka zaɓa kuwa shi ne marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano. Yawan dukiyarsa sananne ne, har yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan rasuwarsa sun tashi sun ji ana buga misali da sunansa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda dukiyar nan ta fito, da mutanen da ta tsayu a kansu, da abin da ya wanzu daga cikinta, da abin da ya rushe. Nan ne mai karatu zai ga abin da ciniki ke yi wa gari, da kuma abin da gari ke bin ɗan kasuwa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Alhassan a garin Bebeji, kudu maso yamma da birnin Kano, a shekarar 1877, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Danginsa Agalawa ne, watau mutanen nan da kakanninsu suka gangaro daga wajen ƙasar Abzin, suka zauna cikin ƙauyukan Katsina da Kano, suka zama Hausawa harshe da al'ada, suka kuma riƙi fatauci ya zama gadonsu. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka mallaki hanyar goro a wancan zamani. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya sauka Madobi. Mahaifinsa, Abdullahi, madugu ne, ya koma Bebeji da zama, domin garin yana bisa hanyar ayari.

Wanda ya ji an ce ɗan madugu ne sai ya zaci cikin daula ya tashi. Ba haka al'amarin ya kasance ba. Mahaifinsa ya rasu yana da kamar shekara takwas, 'ya'ya kuwa da yawa, da aka raba gado abin da ya faɗo hannunsa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara, birnin nan na bakin teku wanda yake shi ne hedkwatar ƙasar Gana a yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Ita ta rene shi, da sunanta aka san shi, da sunanta kuma ake kiran zuriyarsa har wa yau. Abin lura ne ƙwarai, gidan da ya fi kowane gida dukiya a Kano ba sunan madugu yake amsawa ba, sunan wata tsohuwa ce wadda ba ta da komai sai riƙon amana.

An sa shi makarantar allo a Bebeji, ya yi zaman almajirci yadda sauran almajirai ke yi, da aikin ƙarfi don neman abin kai wa baka. Tata ce ta koya masa jefa wuri cikin asusu. Da ya kai kamar shekara goma sha biyar sai ya bi ayarin Gwanja don ya gano mahaifiyarsa. Ya isa Ankara, ta miƙa shi ga wani malami, ya ɗan zauna can yana karatu yana 'yan saye da sayarwa, sa'an nan ya komo Bebeji. Wannan tafiya ita ce makarantarsa ta biyu.

HANYAR GWANJA

Ya kamata a tsaya nan a bayyana yadda fataucin goro yake, domin wanda bai san shi ba ba zai gane Alhassan ba.

Goro ba ya fitowa a ƙasar Hausa, a kurmin Asante yake yi. Mutanen kurmi kan kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, fatake su tarye shi can. Ayari kan tashi da kaka, da jakuna da alfadarai da 'yan alaro, ɗauke da baƙin rini na Kano, da kanwa, da jar fata, da gabu, da duwatsun ado. Su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi, kafin su sauka Salaga an yi watanni. Kowane sarki aka ratsa ƙasarsa sai an biya shi garama, kowane kogi sai an biya kuɗin fito, 'yan fashi kuma suna nan suna dako. Madugu shi ne shugaba, shi ke magana da sarakuna, shi ke yanke inda za a yi zango, shi ke raba gardama. Jagaba na gaba yana duban hanya. Da wuya kuma ayari ya tashi ba malami a cikinsa, mai ja musu salla, mai rubuta musu wasiƙa da lissafi. Ta wannan hanya ne unguwannin Hausawa da ake kira zango suka kafu a Salaga da Yandi da Kumasi da Ankara, da masallatansu da makarantunsu, duk da ribar goro.

Ba a ɓoye ba, a kasuwannin nan har da mutane ake sayarwa, Salaga kuwa ta yi suna a kan wannan mugun ciniki.

Dawowa ta fi tafiya wuya, saboda goro abu ne mai rai. In ya sha iska ya bushe, in ya jiƙe da yawa ya ruɓe, in sankara ta kama guda ɗaya aka ƙyale shi sai ya ɓata na kusa da shi. Saboda haka bayan 'yan kwanaki sai an sauke huhu an kwance, an tsince marasa lafiya, an yayyafa ruwa, an sake naɗewa da ganye. Falke malalaci ba ya isowa Kano da komai sai ɓawo. Wanda ya taso cikin wannan sana'a dole ya koyi abu biyu: duba kayansa da idonsa, da kuma dogara ga mutanen da ba ya ganinsu. Mai masauki a Salaga zai ajiye masa kaya shekara guda, dillali zai sayar ya ba shi kuɗinsa cif, abokin ciniki zai karɓi bashi bana ya biya baɗi, alhali kuwa ba alƙali guda da hukuncinsa ya game Kano da Gwanja. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa kowane zango.

Yana cikin koyon wannan ne masifa ta auku. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita bayan Yusufu, aka shiga yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙi, Aliyu Babba ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894. Agalawa kuwa suna ɓangaren Tukur, saboda haka da aka ci su aka washe dukiyarsu, aka kama waɗanda aka kama. Alhassan na cikin kamammu, shi da waɗansu 'yan'uwansa, sai da aka yi fansa suka sami kansu. Ga saurayi ɗan halal, almajiri, an sa masa kuɗi kamar haja. Shekara ɗaya kafin wannan, a 1892, Salaga ma ta yi nata yaƙin basasar, kasuwarta ta watse, fatake suka bazu zuwa Karaci da Kumasi. Watau tun bai cika shekara ashirin ba ya ga bakin hanyar goro duka biyu sun kama da wuta, ya kuma ga yadda jarin da aka tara shekara da shekaru ke ƙarewa a yini guda in gari ba lafiya.

Ya sake farawa daga ƙasa. Duniya kuwa tana juyawa: Turawan Ingila suka ci Asante, suka ci Kano a 1903, a shekarar nan kuma hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi ta bakin teku ta isa Kumasi. Alhassan na cikin mutanen Arewa na farko da suka gane cewa zamanin jaki a hanyar Gwanja ya kusa ƙarewa. Ya riƙa sauko da goro bakin teku, ya loda a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can a yi arewa da shi. Tafiyar watanni ta komo ta makonni, asarar ruɓa ta ragu. Daga Ikko kuma ya riƙa haɗowa da yadi da murjani da sauran kayan kanti.

GYAƊA

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke so, domin masaƙun ƙasarsu, har sun kafa ƙungiya musamman saboda ita. Amma manoman Kano suka juya ga gyaɗa, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai biya. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa maimakon ta cinye ta, harawarta abincin dabba ce, in kuma kasuwa ta ƙi sai mata su soya, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, a ci. Auduga ba a cin ta. A Turai kuwa an gano dabarar daskarar da man tsirrai, masu yin sabulu da man shafa wa burodi suna neman gyaɗa ido rufe. Ga kuma haraji, wanda aka koma karɓa da tsabar kuɗin Bature. Abin da aka fitar daga ƙasar nan a 1912 bai kai tan 3,000 ba, a 1913 ya haura tan 19,000, har buhuna suka toshe tashar Kano. Sai fari ya biyo baya, aka yi yunwar nan ta 1913 zuwa 1914 wadda ake kira Kakalaba, mutane masu yawa suka halaka. Tun ran nan manomi mai hankali ya san ba a cika gona da gyaɗa a bar rumbu wofi.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jirage da sikeli, amma ba su san kowa ba. Bature na zaune cikin kantinsa kusa da tasha, bai san wane ne mai gaskiya a Gaya ko Ringim ko Kazaure ba, ba kuma zai iya miƙa jakar kuɗi ga mutumin da in ya fita Ƙofar Nasarawa ya ɓace masa ke nan ba. Waɗanda suka san mutane su ne tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, su suka fara shiga tsakani. Alhassan ya taso daga Bebeji ya tare a birni, ya gina gida a Sarari, kusa da Koki. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Cikin 'yan shekaru kaɗan ya wuce tsararsa duka, ya zama ba wanda ya kai shi a Kano. Da Kamfanin Neja ya haɗu da wani ya zama UAC a 1929, shi ne babban mai sayo musu gyaɗa a Arewa.

Ga yadda aikin ke tafiya. Kamfani ya ba Alhassan kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, kowa da ƙasar da ya sani. Su kuma su ba ƙananan masu awo na kasuwannin ƙauye, waɗansu har su kai ga manomi tun da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan in an cire gyaɗa za a kawo. In kaka ta yi sai kayan su biyo hanyar da kuɗi suka bi, a kan jakuna da raƙuman Buzaye, daga baya a motoci, har bakin sikeli. Da aka kai hanyar jirgi Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, igiyar ta ƙara tsawo, har gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa biyowa ta Kano. Matan kulle ma ba a bar su baya ba, domin ta hannun iyalinsa ake cinikin da namiji ba shi da ikon shiga ya yi.

Mutanen nan da yake ba jari, akasarinsu ba su da abin jingina. Abin da suke da shi sanin asali ne: an san ubansa, an san malaminsa, an san unguwarsu. Wanda ya cika alkawari bana, baɗi a ƙara masa. Al'adar gidajen fatake ce kuma ubangida ya yi wa yaronsa aure, ya ba shi wurin zama, in ya ga ya isa ya yaye shi ya tsaya da ƙafarsa, gidan Alhassan kuwa shi ne mafi girman gidajen da suka bi wannan al'ada. Wanda ya karanta babin ciniki cikin Risala zai tuna da ƙiradi, inda ɗaya ke kawo dukiya ɗaya ya kawo jiki, a raba riba bisa yadda aka yi sharaɗi, in asara ta zo ba da sakaci ba ta faɗa kan mai dukiya. Zai kuma tuna da salami, watau biyan kuɗi yanzu a kan kaya sanannu da za a kawo a lokaci sananne, da ma'auni sananne. Malamai sun tsananta sharuɗɗan waɗannan ne don kada mai ƙarfi ya ɗora wa mai rauni kasadar duka, shi ya tsira da riba.

A ganina wannan shi ne mafi girman abin da Alhassan ya yi wa Kano, ya fi duk wata kyauta da ya bayar da hannunsa. Sadaka tana ciyar da mutum kwana ɗaya ko shekara ɗaya. Jarin da aka danƙa wa matashi wanda ba shi da kowa, aka jure masa har ya ƙware, shi ke haifar da gida, gidan kuma ya haifi waɗansu. Ba don tausayi kaɗai yake yin haka ba, cinikinsa ne ba ya yiwuwa sai da su. Kowane buhu da ya kai tasha sai da ya ratsa hannun mutum huɗu ko biyar waɗanda suka ci abinci a kansa.

Amma fa kada a ɗauka zamanin gyaɗa duka alheri ne. Ba a Kano ake yanka farashi ba, a Turai ake yi, kamfanonin kuma sukan haɗa baki don kada su yi wa juna tsada. Can ƙasan igiya akwai masu awo da ke danne sikeli, akwai masu ba da bashin damina da sharaɗin da ya fi ƙarfin talaka, har ya zamana manomi ya noma gyaɗar da tun tana ƙasa ba tasa ba ce. Da kasuwar duniya ta karye daga 1929, kuɗin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuwa bai sauko daidai da shi ba, mutane suka sayar da hatsi da dabbobi don su biya. Gyaɗar kuma ɗanya ake fita da ita, man da tunkuzar da aikin matsewa duk na waɗansu ne, sai a shekarun 1940 da 1950 aka fara kafa injinan matse ta a Kano. Alhassan da kansa, duk girmansa, ɗan tsakani ne, sama da shi akwai waɗanda suka fi shi cin moriyar gumin manomi, ya kuma daɗe yana neman a ba shi damar tsayawa da kansa ana hana shi.

HALINSA

Duk da wannan dukiya, an san shi da tsimi da sauƙin rayuwa, da duba lissafinsa da kansa, yadda aka koya masa duba huhun goro. Labari ya shahara cewa a 1929 Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 a reshen Kano na bankin Turawa mai suna Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank daga baya. Jama'a sun fi riƙe adadin raƙuman. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne, a zamanin da attajiri ke haƙa rami cikin ɗaki ya binne tukunya, in ya mutu ba zato dukiyar ta mutu tare da shi, shi ya fito da tasa sarari inda za a rubuta ta a san adadinta.

Ya sauke farali a farkon shekarun 1920, ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila inda aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. A lokacin nan talakawan ƙasar Hausa da ƙafa suke tafiya Makka, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa suna ƙwadago, waɗansu su shekara biyar ko goma, waɗansu su zauna a Sudan ba su komo ba. Bayan dawowarsa ya biya wa mutane da dama kuɗin hanya, malamai da yaran gida. Ƙofarsa kuwa ba ta rabuwa da masu cin abinci. A ƙarshen rayuwarsa aka shigar da shi majalisar Sarkin Kano, shi da ba ɗan sarauta ba, domin a ji ta bakin 'yan kasuwa.

DALA

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa daga 1942. Bayan yaƙi aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, a 1954 aka mai da ita ta Jihar Arewa. Hukuma ke yanka farashi, ita ke ba da lasisin saye, a nan ne Alhassan ya sami lasisi na kansa a farkon shekarun 1950, yana tsoho. Noma ya ƙaru har ya fi ƙarfin jirgin ƙasa, gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, ana hawa ana tsukewa har a kai tsini, a lulluɓe da tamfol, kowace dala da buhu wajen 15,000. Ana danganta fara wannan dabara da shi. Filin Ƙofar Mazugal ya cika da su, aka ɗauki hotonsu aka yaɗa duniya, suka zama alamar arzikin Arewa. Gaskiyar magana kuwa, dala alama ce ta abu biyu a haɗe: ƙoƙarin manomi, da gazawar hanya.

A cikin 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ji jiki ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa da babban mai kula da lissafinsa, ya yi musu wasiyya da su zauna tare kada su rarraba, kada su bari kamfanin da ya kafa ya rushe, su guji husuma da sauran attajiran gari, su kuma kula da dangi, musamman matalautansu. Bayan kwana uku ya cika, ran Laraba 17 ga Agusta 1955, daidai da ƙarshen watan Zulhajji na 1374, yana da shekara 78, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi. Aka yi masa sutura a gidansa na Sarari. A lokacin ana ƙidaya shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma duka.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Gyaɗa ta ci gaba da hauhawa bayansa, har a shekarun 1960 ba ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da ita a duniya. Hukuma kuwa tana biyan manomi ƙasa da abin da take sayarwa a waje, tana tara rara. Ba a musun cewa da rarar nan aka yi hanyoyi da makarantu da masaƙu a Arewa. Sai dai manomin da aka tatsa ba a mayar masa da abin da zai riƙe shi ran wuya ba. Ranar kuwa ta zo. Aka yi farin 1972 zuwa 1974. A 1975 ƙwarin darɓa suka yaɗa cutar nan mai sa gyaɗa ta tsugune ganyenta ya murɗe, ta cinye gonaki daga Sakkwato har Barno, iri ma ya gagara. Kuɗin man fetur kuma sun shigo, Gwamnati ta daina damuwa da abin da ƙauye ke kawowa, samari suka bar fartanya suka nufi birni. Kafin shekarun 1970 su ƙare ba sauran dala ko ɗaya a Kano, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya. Manoma ba su bar gyaɗa ba, ana nomanta har yanzu, amma ta koma ta cin gida. Cinikin da ya ɗauki Kano shekara sittin ya mutu cikin 'yan shekaru, saboda tushensa mutumin ƙauye ne mai gona da jaki, da aka bar shi ya durƙushe ba abin da sikeli zai auna.

Gidan Alhassan kuwa bai durƙushe tare da gyaɗa ba, domin wasiyyar ta yi aiki. Ɗansa Ahmadu ya riƙe kamfanin har ya rasu a 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa, ya shigar da shi aikin gine-gine da sayar da motoci da masana'antu. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya bi sawun mahaifinsa wajen gyaɗa da sufuri da ba yara jari, gidaje da yawa na 'yan kasuwar Kano daga hannunsa suka tashi. Jikan Sanusi ta wajen 'yarsa shi ne Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, shekara biyu bayan rasuwar Alhassan, wanda shi ma da jarin da wani kawunsa ya ba shi ya fara, ya kai ga kafa masana'antun siminti da sukari da matatar mai a Ikko. Alhaji Aminu ya yi tsawon rai, ya rasu ran 28 ga Yuni 2025 yana da shekara 94, aka binne shi a Madina.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan, da Tata da ta rene shi, da manoma da masu jakuna da 'yan dako waɗanda suka ɗora buhunan nan bisa juna, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Amin.